Daga Kano zuwa Damagaram: Yadda Muka Kai wa Inna Jikokinta

Sai da Auta ta yi shekara guda da wata uku a duniya kafin mahaifiyata ta ɗauke ta a hannu. Ba faɗa aka yi ba, ba kuma sakaci ba ne. Ina da tsohon ciki sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum ran 26 ga Yulin 2023, kafin mu farga an garƙame iyaka, an yanke wutar lantarkin da Najeriya ke ba Nijar. Na haihu a Kano cikin watan Satumba. Inna, wadda ta riga ta tanadi kanwa da kayan yaji da geron kunu don zuwa yi mini wankan jego, ta zauna a Damagaram da kayanta a ƙulle. Masu ƙarfi a jika suna hawa babur su bi ta gonaki su tsallako, amma ita da ciwon gwiwa, ba mai ɗora ta a kan babur cikin yashi. Maƙwabciyata ce ta tsaya mini, Allah ya saka mata da alheri. Sai dai duk ranar da ta ɗaga ganye daga tafasasshen ruwa, hannun Inna nake tunawa.

An buɗe iyakar a watan Maris na 2024, amma ba mu samu tafiya nan take ba. Ga makarantar yara, ga man fetur da ya haura naira dubu lita guda, ga naira da ta zube a gaban sefa. Lokacin da aka kawo ni Kano amarya, jika guda ta sefa ba ta kai naira 500 ba. Yanzu sai ka ajiye sama da dubu biyu kafin a miƙo maka ita. Muka yi ta tari kamar masu adashi har hutun watan Disamba ya zo, Baban Ummi ya ce ko da bashi za a tafi.

Duk wadda ta taɓa shirya yara uku tafiyar kwana bakwai ta san rabin wahalar a tsakar gida ake shanta. Tun ana saura kwana uku na shiga Kantin Kwari na yanko wa Inna atamfa turmi biyu, Baba kuma shadda fara. Na haɗa sabulu da madara da ganyen shayi da turare, ga goro ƙwarya guda na rabon dangi. A daren tafiya na soya kaza biyu, na yi dambun shinkafa na zuba a kula, na jera ruwan leda a cikin bokiti. Jakar da na fi ji da ita kuwa ƙarama ce, ita ce ke zama tsakanin ƙafafuna: ledoji baƙaƙe, tsumma jiƙaƙƙe, kayan canji na kowane yaro, basilin, maganin zazzaɓi, da takardunmu duka cikin leda guda, har da katin rigakafin shawara da takardun haihuwar yara. Uwa ba ta sa wannan jakar a but.

Muna idar da sallar asuba muka fita. Hazo ya sauko sosai a ranar, fitilun motoci sai ka ce an lulluɓe su da farin gyale. Ummi, takwarar Inna, mai shekara tara, ita ta ja mana addu'ar hawa abin hawa kamar yadda aka koya musu a Islamiyya, "Subhanallazi sakhkhara lana haza", Abba yana bin ta a baya yana haɗiye rabin kalmomin. Shi shekararsa shida, sunan Baba ya ci. Auta tana cinyata, an naɗe ta da hula da safa, fuskarta tana ƙyalli da man da na shafe ta da shi.

Ba mu wuce Dambatta ba Abba ya fara tambayar da ya yi ta yi har la'asar: "Mama, mun kusa?" Daga Kano zuwa Damagaram ta wannan hanya bai wuce kilomita ɗari biyu da 'yan kai ba, tafiyar da in ba don shingaye da iyaka ba, da an gama ta kafin azahar. Amma yaro ba ya auna hanya da kilomita. Sai na ba shi aiki, na ce ya ƙirga mini jakuna, Ummi kuma raƙuma da amalanken shanu. Wannan ya riƙe su kusan awa guda, har suka fara gardama a kan wani jaki da Abba ya ce ya gani a bayan kuka, Ummi ta ce kututture ne. A gefen hanya, nan da can, muna hango tudun ƙasa da aka tara na layin dogon da za a ja daga Kano zuwa Maraɗi. Babansu ya ce musu wata rana a jirgin ƙasa za a riƙa bin nan. Ummi ta tambaya ko zai biya ta gidan Kaka. Ya ce a'a, daga Daura zai karkata yamma ya nufi Katsina. Ta ce to ba ruwanta da shi.

Dab da duwatsun Kazaure Abba ya yi shiru, shirun da na sani. Kafin in ce "tsaya" na riga na tara masa leda. Muka sauka gefen titi, na wanke masa fuska, na canza masa riga cikin sanyin nan yana rawar ɗari. Wata tsohuwa mai tallar gyaɗa da ke zaune gindin darbejiya ta taso ba wanda ya kira ta, ta ciro lemon tsami daga bakin zaninta ta ce a ba shi ya riƙa shinshinawa. Ta tambayi ina muka nufa. Da na ce gidan kakanninsu, sai ta dafa kan Abba ta ce, "Allah ya kai ku lafiya, ka gaishe mini da matarka." Abba ya dube ni da mamaki. A mota na yi masa bayanin cewa kaka mace matar jikanta ce a wasa, ya shirya, don Inna za ta tambaye shi kuɗin cefane. Ya ce shi ba shi da ko sisi. Ummi ta yi ta dariya, ba ta san ita ma kishiya ke jiranta ba.

A Daura muka yi tsayuwar da muka yi niyya. Na daɗe ina son yaran su ga rijiyar Kusugu da idonsu, tunda Ummi ta karanta labarin a makaranta. An gina ɗaki a kanta, sai ka shiga ka leƙa. Mai kula da wurin ya ba su labarin tiryan-tiryan: macijin da ake kira Sarki, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, baƙon da ya sauka da dare ya nemi ruwa, da sarauniya Daurama da ta nemi wanda ya yi wannan aiki. Ya zura guga ya jawo, muka sha. Abba ya riƙe rigar babansa gam, yana leƙen bakin rijiyar daga nesa. Da muka fito ya ce, "Baba, ɗan macijin fa?" Babansa ya ce Bayajidda bai bar ko ɗaya ba. A bakin hanya muka sayi fura da nono wurin wata Bafulatana, muka buɗe kula muka karya a inuwa, Auta tana tsotsar ƙashin kaza.

Daga Daura zuwa Kongolam tafiyar ba ta da nisa, shingaye ne suka tsawaita ta. Ba na ƙin a tsayar da mota a duba. Hanyar iyaka ce, kuma kowa ya san halin da ake ciki. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda zai karɓi takardu, ya ga sun cika, ya riƙe su a hannu yana kallon sama. A wani shinge wani mai kaki ya yi mana haka kusan minti ashirin, rana ta fara zafi, Auta tana tsala kuka. Ummi tana kallon komai ta taga. Da muka wuce ta ce, "Baba, me ka ba shi?" Motar ta yi tsit. Babanta ya ce, "Abin da bai kamata ba." Ya yi daidai da bai ɓoye mata ba, amma har yau ina jin zafin cewa a hanyar gidan kakarta ta fara ganin wannan.

A Kongolam muka canji kuɗi wurin 'yan canji, aka duba takardunmu, aka yi wa mota takardar shiga. Manyan motoci sun yi layi, 'yan kabu-kabu suna kaiwa suna komowa da jarkoki da buhuna. Muna tsallakawa ɓangaren Ɗan Barto Ummi ta miƙe a kujera tana dube-dube. Ta ce ina layin? A taswirar ajinsu akwai jan layi tsakanin Najeriya da Nijar, ita shi take nema a ƙasa. Na nuna mata karan gero a tsaye a gonar dama, na nuna mata na hagu, na ce ta faɗa mini wanne ne na wace ƙasa. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna a kan tebur a farkon ƙarni na 20 suka raba, mutanen da ke nan kuwa kasuwarsu ɗaya, aurensu ɗaya, makokinsu ɗaya. Jandarman da ya leƙo motarmu da Hausa ya gaishe mu, irin Hausar da na tashi da ita, ya ce da Abba, "Kai, yaro, kana zuwa lakwal?" Abba ya juyo gare ni. Na ce makaranta yake nufi.

Daga nan zuciyata ta riga motar isa gida. Tsakanin Matamaye da Kance gonaki cike suke da gawo, kuma a wannan lokaci na rani ne yake da ganye shar, don shi da damina yake kaɗe ganyensa ya bar wa gero rana da taki. Awaki suna tsintar 'ya'yansa a ƙasa. Muna yara ana ba mu labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya hana sare gawo, wanda ya sare kuwa ya gamu da hukunci mai tsanani, kuma har gobe manomin wannan yanki ba ya ɗaga gatari a kan ƙaramin gawon da ya tsiro masa a gona, sai dai ya yi masa sassabe ya bar shi ya girma. A Takeita muka hau babbar gudron, wato hanyar kwalta, da ta taso daga Yamai, muka karya gabas. Muka wuce Tirmini, inda mayaƙan Damagaram suka kara da sojan Faransa a 1899. Yaran duk sun yi barci a lokacin, Abba da lemon tsaminsa a dunƙule a hannu. Ni kaɗai na ga duwatsun Damagaram sun fara ɓullowa cikin hazo, manya-manya, wani a kan wani kamar an jera su da hannu. Na goge ido da gefen mayafi don kada Baban Ummi ya gani. Ya gani, bai ce komai ba.

Ana kiran la'asar muka tsaya a ƙofar gida. Baba yana zaune a dakali da carbinsa, ya miƙe a hankali. Baban Ummi ya cire takalmi ya durƙusa, suka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ya hanya, ya mutanen Kano, ya sanyi. Kafin su gama yaran unguwa sun kwashe kaya sun yi ciki da su suna ihun "ga 'yan Kano, ga 'yan Kano". Inna ta fito daga ɗaki tana dogara bango. Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta kama sunana, ba ta kuma tsaya duban fuskata a gaban mutane. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta kama hannun Abba ta ce, "Maigida, sai yau? Shekara nawa ka bar ni ba cefane?" Abba ya sunkuyar da kai, sannan ya buɗe hannu ya miƙa mata lemon tsamin nan da ya yi laushi. Gidan ya kaure da dariya. Ta karɓa ta ɗaure a bakin zani da gaske, ta ce ta gode, miji ya yi ƙoƙari. Ta juya kan Ummi ta ce, "Ke kuma kishiya, da wannan siraran ƙafafun za ki ƙwace mini miji?"

Sai ta miƙo hannu biyu ga Auta.

Auta ta ƙanƙame wuyana ta fasa ƙara. Inna ta yi mata magana a hankali, irin kiran da take yi mata ta waya duk Juma'a in an samu caji da layi. Yarinyar ta tsaya da kuka cak. Ta saurara. Sannan ta juya, ba wajen Inna ba, wajen jakata, ta fara jan zif tana neman wayar. Muryar ta sani sarai, amma a saninta mai wannan murya a cikin waya take zaune. Inna ta sauke hannuwanta ta ce, "Ku bar ta, ba ta san ni ba. Ina za ta san ni?" Ta shiga madafa ta ce a kawo mana ruwa. Na bi ta na tarar tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Ba wanda ya tilasta wa Auta. Dabarar Inna ita ce ta zauna kusa da ita ta yi kamar ba ta damu da ita ba. Da safe in tana dama fura sai ta ajiye ƙaramin ludayi a gefen ƙwarya. In tana tsince zogale sai ta tura 'yar faifai gabanta. Rana ta biyu Auta ta karɓi ludayin. Da yamma ta dafa gwiwar Inna ta miƙe tsaye, ta saki da sauri kamar ta taɓa wuta. Rana ta uku na fito daga wanka na nemi yarinya na rasa. Can na hango su a bayan rumbu, Inna ta goya ta da tsohon zaninta na saƙi, ta ɗaure da majanyi, tana tafiya a hankali da gwiwar nan tata mai ciwo tana yi mata waƙar raino, wadda ta yi mini, wadda ni ma nake yi wa nawa ba tare da na taɓa tunanin inda na samo ta ba. Na ce, "Inna, ƙafarki." Ta ce, "Ƙafar tawa ce ko taki?" Na koma ɗaki.

Manyan biyun kuwa tun daren farko suka ɓace cikin 'ya'yan ƙannena. Ummi ta dawo da kalmomi cike da baki: malamin makaranta mushe ne, asibiti likita ne, fetur isansi. Lissafin kuɗi ne ya fi ba su wuya. An aiki Abba sayen dogon burodi, mai kanti ya ce masa dala talatin, ya dawo ya ce kuɗin da aka ba shi 150 ne, ba talatin ba. Ɗan ƙanena ya zaunar da shi a ƙasa ya zana masa da tsinke cewa dala guda sefa biyar ce. Kafin mu taho ya iya, har yana gyara wa babansa. Sun kuma koyi abin da Kano ba ta koya musu ba duk da namu ƙarancin ruwan. Damagaram gari ne a kan dutse, ƙishirwarsa tsohuwa ce. Famfo na iya yin kwanaki bai zo ba, sai a jira 'yan ga-ruwa. Inna ta ga Abba yana wasa da buta, ba ta daka masa tsawa ba, ta ce ya bi yayyensa rijiya ya ɗauko galan guda. Ya dawo yana haki, rabin ruwan a rigarsa. Daga ranar, in ya yi alwala, a gindin 'yar bishiyar lemon Inna yake yi.

Rana ta biyar Baba ya sa babbar riga ya ce jikokinsa su zo ya kai su Birni, tsohuwar unguwar da fada take. Na bi su a baya da Auta. Muka ratsa lungunan nan masu gidajen ƙasa da zane a fuskarsu da zanko a kan soraye, har ƙofar fadar Sarkin Damagaram, inda dogarai ke zaune da jajayen kayansu. Baba ya ba su labarin Tanimun, wanda ya yi wa garin ganuwa, ya sa aka ƙera bindigogin igwa a nan cikin gari, ayarin raƙuma suna tasowa daga Tarabulus su sauka a Zango kafin su wuce Kano. Ya gaya musu nan ne babban birnin Nijar kafin Faransawa su mayar da shi Yamai a 1926. Ummi tana ta tambaya, Abba kuwa dawakin fada kawai yake kallo.

Daga nan ya kai mu inda tsohon masallacin Birni yake, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19. Ruwan saman daminar 2024 ya rushe shi a farkon watan Satumba. Na ga hoton a waya a lokacin, amma gani da ido daban ne. Baba ya tsaya ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya nuna wani gefe da sandarsa ya ce a nan mahaifinsa yake tsayar da shi a sahu yana yaro kamar Abba, ya riƙe masa hannu don kada ya ɓace cikin jama'a. Ya ce ya so a ce ya kawo takwaransa ya yi ko raka'a biyu a ciki. "Da kun zo bara," ya ce, sai ya katse, don ya san abin da ya hana mu zuwa bara. Abba ya sunkuya ya ɗauki ɗan guntun busasshiyar ƙasa ya sa a aljihu. Ba wanda ya ce ya ajiye.

Ranar komawa but ɗin mota ya fi na zuwa cika. Gero rabin buhu, wake, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, alkaki cikin kwano, kilishi naɗe a takarda, ga takalman fata da Baba ya sa dukawa suka ɗinka wa kowane yaro. Inna ta kawo zabuwa biyu a ɗaure ta ce na maigidanta ne, sai da Baban Ummi ya roƙe ta da girman Allah, saboda masu duba kaya a iyaka, sannan ta yarda aka yanka aka soya. Baba ya tara mu a zaure ya yi addu'a mai tsawo, ya tofa wa kowane yaro a ka. Inna ba ta rako mu waje ba. Ta kwance Auta daga bayanta ta miƙo mini, ta haɗa da zanin saƙin, ta ce in riƙa goya ta da shi saboda sanyi. A nan ne kawai, cikin kwana bakwai, ta dube ni ido cikin ido. Ta ce, "Kada ku sake daɗewa haka. Ni da babanku ba mu da wani dogon lokacin jira." Na ce in sha Allahu da babbar sallah. Ta ce Allah ya nuna mana.

Auta ta yi kuka tun daga ƙofar gida har Tirmini, tana miƙa hannu ta gilashin baya. Abba bai tambayi ko mun kusa ba sau ɗaya. Mun shiga Kano ana sallar isha.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Inna ta kira kamar yadda ta saba. Na ɗaga na sa a sifika, muryarta ta cika ɗakin tana kiran Auta. Yarinyar tana zaune a tabarma da ludayin da ta taho da shi. Ta ɗaga kai, ba ta ko kalli wayar da ke hannuna ba. Ta miƙe da 'yar tafiyarta ta tangaɗi ta nufi ƙofa, ta ɗaga labule, ta tsaya tana leƙen tsakar gida.